Yadda za ka yi bincike da hirar mutane ta WhatsApp da Facebook ba tare da ka ci amanarsu ba

Ɗalibanmu da ke karatu a nan Legas, na jami'ar Akoka da na jami'ar Ojo da masu yin mastas suna haɗawa da kasuwanci, yanzu da zarar an ba mutum furojet a kan rayuwar 'yan Arewa a Kudu abin da yake fara tunawa wayarsa ce. Yana cikin guruf ɗin 'yan unguwarsu na Agege, yana cikin na 'yan gwari na Mile 12, ƙanwarsa tana cikin na matan aure na Idi-Araba, kullum mutane suna zuba labarin rayuwarsu a ciki da bakinsu, ba kuɗin mota ba gosulo ba jiran wani ya tashi daga kasuwa. Ga mai binciken da ba na ƙirga alƙaluma ba, irin wanda ake sauraron mutane a fahimci yadda suke kallon rayuwarsu, wannan abu ne mai jan hankali sosai kuma ni ban ce a bar shi ba. Abin da nake cewa shi ne, don kana iya ganin magana ba ya nufin an ba ka ita. Ga yadda ya kamata a bi abin daga farko har ƙarshe, zan riƙa misali da ɗalibin da ke son ya rubuta yadda 'yan acaɓa suka rayu bayan an hana su aiki, ka san gwamnatin Legas ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yunin 2022, su Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da sauransu, a watan Satumba kuma aka ƙara wasu 4 har da Mushin da Kosofe.

Mataki na farko: ka gane wane irin wuri ka shiga

Kafin ka kwafi ko kalma ɗaya ka tambayi kanka, wanda ya rubuta wannan maganar, wa yake zaton zai karanta? Kwamishina ko ɗan majalisa ko babban malami da ya yi rubutu a shafinsa na X ko Facebook, wannan da duniya yake magana kuma ya san haka, za ka iya kawo maganarsa da sunansa. Wanda ya yi kwament a ƙarƙashin labarin BBC Hausa yana tsaka-tsaki, kowa zai iya gani amma bai taɓa kawowa a ransa za a saka shi a babi na huɗu na furojet ɗin wani ba. Shi kuma guruf ɗin WhatsApp, ko na Facebook da sai admin ya amince kafin ka shiga, wannan cikin gida ne, ko da kuwa mutum dubu ne a ciki. WhatsApp yana ɗaukar har mutum 1,024 a guruf ɗaya, yawan bai mayar da shi dandali ba.

Hujjar da za ka fi ji ita ce "ai su suka saka a fili". An taɓa yin irin wannan a 2016, wasu masu bincike daga Denmak suka kwashe bayanan mutane wajen 70,000 daga shafin neman abokin zama na OkCupid suka baza a intanet, da sunayen da mutanen ke amfani da su a shafin da amsoshinsu kan abubuwan sirri, da aka yi musu magana suka ce ai dama a fili suke. Masana suka yi musu ca, aka sauke bayanan. Wata farfesa a Amurka, Helen Nissenbaum, ta daɗe tana bayanin nan cewa kowace magana tana tafe da ƙa'idar wurin da aka yi ta, abin da ka faɗa wa likita ba sirri ba ne a wurin likitan, amma ranar da ya kai shi wurin maigidanka an zalunce ka. Mu kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun muna yara aka koya mana ba a shiga gidan mutane sai da sallama da izini, yana nan a Suratun Nur aya ta 27, kuma Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane.

Mataki na biyu: ka zauna ka lissafa abin da zai iya samun mutum in aka gane shi

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa kuma shi ya fi kowanne nauyi. Ɗauki takarda ka rubuta, idan wani ya karanta aikina ya gane wane ne ya faɗi kaza, me zai biyo baya? A misalinmu na 'yan acaɓa, cikin guruf ɗinsu za ka tarar ana faɗin hanyoyin da ake bi da daddare, da inda 'yan tas fos, jami'an da ke kama babura, suke tsayawa, da wanda aka ƙwace wa babur da yadda ya yi, wani ma zai faɗi cewa ba shi da takardu ko kuma daga ƙetaren iyaka ya zo. A wurinka wannan bayani ne mai daɗi da zai sa sufabaiza ya yaba, a wurinsu kuwa abincin iyali ne da 'yancin mutum, domin babur da aka kama a wuraren nan murƙushe shi ake yi. In guruf ɗin mata ne kuma, matar da ta yi ƙorafin mijinta ko kishiyarta ko ta faɗi wata cuta da take ɓoyewa, aurenta ne a kan layi.

Kuma kada wani ya ce ina zuzutawa. A ƙasar nan an kama ɗalibin jami'a daga Dutse a 2022 saboda rubutu ɗaya da ya yi a Twitter a kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, a shekarar dai saƙon murya da ya fita daga guruf ɗin 'yan aji a Sakkwato ya ƙare da asarar rai, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuma an sha amfani da shi wajen tsare mutane kan abin da suka rubuta kafin a yi masa gyara a 2024. Mu da ke zaune a Legas akwai ƙari a kanmu, baƙi ne a idon wasu, waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba na 2002 ko na Mile 12 na 2016 sun san yadda magana ƙarama take zama ta ƙabila cikin awa guda. Zafafan kalaman da wani matashi ya rubuta cikin fushi ranar da aka rushe masa rumfa, in ka ɗauko su tsirara ka buga da sunan "ra'ayin Hausawan Legas", ba shi kaɗai ka jawo wa ba.

Doka ma ta san da wannan. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin muhimmanci, irin su lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa. Toh ka duba, kusan duk binciken da za a yi a kan Bahaushe a Legas sai ya taɓa biyu ko uku daga cikinsu. In lissafinka ya nuna haɗarin ya fi amfanin, ka canza hanya, ka bar hirar guruf ɗin ka nemi mutane goma ko sha biyar ka yi intabiyu da su ɗaiɗai.

Mataki na uku: kwamitin ɗa'ar bincike, tun kafin ka fara tattarawa

Da yawa suna ɗaukar izinin wannan kwamiti, mai duba ko bincike zai cutar da mutanen da za a yi shi a kansu, a matsayin takardar da ake nema daga baya don a liƙa a ƙarshen furojet. A'a, kafin ne. Mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa riƙe wannan da muhimmanci saboda abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Har yau in ka je wasu gidaje da takarda da biro kana tambayoyi za ka ga ana ɗari-ɗari da kai, kuma suna da dalili. Ƙasar tana da kwamitin ƙasa na NHREC mai kula da ɗa'ar binciken lafiya da kundin ƙa'idojinsa na 2007, a nan Legas kuma asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba da asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja duk suna da kwamitocinsu, in bincikenka ya shafi lafiya ta nan za ka bi. In na zamantakewa ne ka tambayi sashenku wane kwamiti ne ke dubawa a makarantarku.

A takardar da za ka kai musu ka rubuta dalla-dalla, wane guruf, daga wane wata zuwa wane wata, yadda za ka nemi izini, inda za ka ajiye bayanan, wa da wa zai gani, yaushe za ka goge. Ko da kwamitin ya ce maka ai na intanet ne ba sai an duba ba, kai ka ci gaba da bin sauran matakan, ƙungiyar masu binciken intanet ta AoIR tana da jagora da ta fitar a 2002 ta sabunta a 2012 da 2019, kyauta ne, ka sauke ka karanta.

Mataki na huɗu: sallama da neman izini

Ka fara da admin, kuma in da hali ka je ƙafa da ƙafa, mutanenmu sun fi yarda da fuskar da suka gani. In guruf ɗin na ƙungiya ne ka bi ta ciyaman, in na unguwa ne wani lokacin sai ka gaida Sarkin Hausawan wurin ko wakilinsa. Saƙon zai iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Ciyaman, barka da ƙoƙari. Sunana wane, ɗan gidan wane, ina karatu a makaranta kaza. Ina rubutu ne a kan halin da 'yan'uwa masu acaɓa suka shiga bayan dokar nan. Ina neman izininka in gabatar da kaina a guruf in yi wa jama'a bayani, wanda ya yarda in yi aiki da maganarsa, wanda bai yarda ba ba zan taɓa tasa ba. Ba gwamnati ce ta aiko ni ba, kuma ba tallafi nake rabawa ba."

Jimlar ƙarshen nan kada ka bar ta. Mutum yana cikin matsi, da ya ji ana rubuta sunaye zai ɗauka wani abu ne zai fito, ya yarda don sa rai, wannan ba yarda ba ce.

Sai babban kuskuren da ake yi, admin ya ce "ba komai, Allah ya taimaka" sai ɗalibi ya ɗauka shikenan ya samu izinin mutum ɗari uku. Admin ƙofa kawai ya buɗe maka, ba shi da ikon ba da maganar wani. Kuma a al'adarmu in babba ya riga ya ce to, yaro ba zai fito cikin jama'a ya ce shi bai yarda ba, kunya da girmamawa ba za su bar shi ba, saboda haka kada ka ce "wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu". Ka juya abin, ka ce wanda ya yarda ya same ni ta gefe, wanda bai yi magana ba na ɗauka bai shiga ba. Dokar 2023 ɗin nan ma ta faɗa ƙarara cewa shiru ba ya zama amincewa. Haka ne za ka samu mutane kaɗan, wataƙila ashirin cikin ɗari uku, amma irin wannan bincike dama ba yawa yake nema ba, zurfi yake nema.

Bayanin ka yi shi da Hausa, kuma ka yi shi da murya, domin da yawa cikin 'yan'uwanmu saƙon murya suke saurara ba sa karanta dogon rubutu, wasu da ajami suka iya. Minti biyu ya isa: ko kai wane ne, me kake nema, ina za a buga, cewa ba za ka sa suna ko lamba ba, cewa mutum zai iya janyewa har zuwa ranar kaza ba tare da ya faɗi dalili ba, da lambar malaminka in akwai ƙorafi. Shi ma ya amsa da murya cewa ya ji ya yarda, ka adana wannan a madadin sa hannu, amma ka tabbata kwamiti ya amince da hakan tun farko.

In dama kai ɗan guruf ɗin ne tun da daɗewa, nan ne abin ya fi santsi, domin sun saki jiki da kai a matsayin ɗan'uwa. Ka sa rana, ka ce daga yau zuwa wata biyu ina nan a matsayin mai bincike, abin da aka yi kafin yau ba zan taɓa ba sai na tambayi mai maganar. Ka riƙa tunatarwa lokaci-lokaci saboda ana mantawa kuma sababbi suna shigowa.

Batun buɗe akawun na bogi kuwa, namiji ya sa sunan mace da hoton fulawa ya shige guruf ɗin matan aure wai yana bincike a kan zamantakewar iyali, wallahi wannan ba bincike ba ne, leƙe ne. In aikin na mata ne a samu mace ta yi, ita ma ta faɗi ko ita wace ce. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuma sai da izinin iyaye, kuma a TikTok da Facebook ba ka da tabbacin shekarun kowa, in ka yi shakka ka tambaya, in ba ka gamsu ba ka bar shi.

Mataki na biyar: ka ɗebi iya abin da kake buƙata

WhatsApp yana da wurin da za ka fitar da hirar guruf gaba ɗaya a fayil guda, da lambobin waya da lokaci da hotuna. Sauƙin nan tarko ne, domin ya haɗa da waɗanda suka yarda da waɗanda ba su yarda ba. Gara ka buɗe takarda a kwamfuta ka riƙa kwafe maganar waɗanda suka amince kaɗai, kana sa musu lamba tun a lokacin, A1, A2 haka. Sikirinshot ma ka rage shi, lamba ɗaya in ta fito a hoto manhajar Truecaller mai nuna sunan mai lamba za ta iya ba da sunan mai ita cikin daƙiƙa.

Akwai waɗanda ba sa cikin guruf ɗin amma suna cikin maganar, wani zai ambaci sunan maigidan da ya ba shi babur haya, ko ɗan sandan da ya tare shi, ko matarsa, su ba wanda ya tambaye su, ka cire sunayensu nan take. Wanda ya goge saƙonsa kuma ya janye maganarsa kenan, ko da ka riga ka kwafa ka goge naka ko ka koma ka tambaye shi.

In za ku yi intabiyu ta kiran WhatsApp ka fara da tambayar ko shi kaɗai ne kuma ko wayar tasa ce, saboda a ɗakunan da samari shida ko takwas suke kwana tare a Agege ko Ijora ba sirri, kuma mata da yawa mazajensu suna duba wayarsu. Ka bar shi ya zaɓi lokaci. Kada ka danna rikodin sai ka faɗa. Kuɗin data da ya ƙona dominka ka mayar masa, wannan haƙƙi ne, amma kada ya yi yawan da zai sa mai buƙata ya kasa cewa a'a.

Mataki na shida: ajiya

Takardar da ke nuna A1 wane ne ka ajiye ta daban da inda maganganun suke, in so samu ne a rubuce da hannu a kulle a gida. Waya da kwamfuta a sa musu faswod. Ka duba ko WhatsApp ɗinka yana tura kwafi zuwa Google Drive, in yana yi ka kunna kullen da ke rufe kwafin, ba ya zuwa a kunne. Kada ka tura fayil ɗin ga abokin karatu ta guruf ɗin aji, kada ka kai shi shagon buga takardu ka bar shi a kwamfutarsu, in wayar ta lalace za ka kai ta Computer Village a Ikeja ka kwashe komai tukuna. Manhajojin nan da ake loda musu murya su rubuta ko su fassara, ka sani muryar mutum kake miƙa wa wani kamfani a wata ƙasa, in ba ka faɗa masa haka lokacin neman izini ba toh ka zauna ka rubuta da hannunka, dama a nan ne ake fahimtar maganar da kyau.

Mataki na bakwai: rubutawa, inda aka fi tona asirin mutane ba da niyya ba

Cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. A 2008 wasu masu bincike a Amurka sun fitar da bayanan Facebook na ɗalibai wajen 1,700 suka ce sun cire sunaye kuma ba su faɗi makarantar ba, cikin 'yan kwanaki aka gano Harvard ce daga irin kwasa-kwasan da aka lissafa. Wani nazari da aka buga a 2018 kuma ya duba maƙalun lafiya da suka yi aiki da Twitter, ya tarar kashi 72 cikin ɗari sun kawo maganar wani kalma da kalma, kuma da aka saka maganganun a wurin nema an gano masu su a kashi 84 cikin ɗari. Don haka duk maganar da ka ɗauko daga buɗaɗɗen shafi, ka kwafe ta ka saka a Google da wurin neman Facebook ko X ka gani, in ta fito da mai ita toh ba ka ɓoye kowa ba.

Mu muna da ɗan sauƙi ɗaya, yawancin furojet da Turanci ake rubutawa, in ka fassara maganar daga Hausa ba za a same ta da nema ba. Amma sai ka ga ɗalibi ya kawo Hausar yadda take sannan ya sa fassara a ƙasa, ya rushe kariyar da hannunsa. In dole sai Hausar ta fito, ka sauya tsarin jimlar ka bar ma'anar, ka gyara irin rubutun da aka san mutum da shi, kuma ka faɗa a babin hanyoyin bincike cewa ka yi hakan don kare mutane, abu ne da masana suka amince da shi matuƙar ba ka ƙara wa mutum abin da bai faɗa ba.

Sai kuma wanda ya fi wuya, ɓoye mutum daga waɗanda suka san shi. Baturen da zai karanta a Ingila bai san kowa ba, amma in ka rubuta "wani dattijo ɗan Gwoza mai mata uku da ke sayar da albasa a Mile 12 sama da shekara ashirin", duk 'yan layin albasa sun gane shi kafin su kai ƙarshen jimlar. Legas babba ce amma zangonmu ƙarami ne, kowa ya san ɗan garinsu. Ka rage bayanin, ka ce ɗan kasuwa mai matsakaicin shekaru daga Arewa maso gabas, sunan guruf ɗin ma kada ka faɗa, unguwar in ba dole ba ka ce wata unguwa a Legas. Hoton fuska, lambar babur, allon shago, duk a cire. Sannan kafin ka miƙa aikin ka koma wurin mutumin ka karanta masa abin da ka rubuta a kansa da Hausa, ka tambaye shi haka kake nufi, kuma ka yarda ya fita haka? Sau da yawa shi zai nuna maka abin da zai tona shi wanda kai ba ka lura ba.

Akwai kuma akasin haka, marubuciyar da ke sakin labarinta a WhatsApp ko mawaƙi ko mai wa'azi, wataƙila shi so yake a ambace shi domin aikinsa ne, ɓoye sunansa tauye haƙƙi ne. Tambaya dai ita ce mafita.

Mataki na takwas: in ka ci karo da abin da ya fi ƙarfin bincike

Wata rana za ka iya ganin wani ya rubuta cewa ya gaji da rayuwa, ko wata ta faɗi dukan da ake mata, ko a ambaci yarinyar da ake cutarwa. Ka shirya wa wannan tun farko, ka faɗa a bayanin neman izini cewa zan riƙe sirrinka sai dai in rai yana cikin haɗari, kada ka yi alƙawarin da ba za ka iya cikawa ba. Ka riƙe lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, jihar kuma tana da hukumar DSVA mai kula da cin zarafi a gida da fyaɗe. Ka fara magana da mutumin ta gefe cikin mutunci, ka sanar da malaminka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai cikin dare. In wani jami'i ya nemi ka ba shi bayanan kuma, kada ka miƙa don tsoro, ka mayar da shi ga makarantarku da kwamitin da ya ba ka izini, wannan ma wani dalili ne na ƙin tara abin da ba ka buƙata tun farko.

Mataki na tara: bayan difens, wato bayan ka kare furojet ɗinka a gaban malamai

Ka koma guruf ɗin ka yi godiya, ka yi musu saƙon murya na minti uku ko huɗu da Hausa kan abin da ka gano, ba tare da nuna wane ne ya ce kaza ba, in ƙungiya ce ka kai wa ciyaman kwafi ɗaya ko zai yi musu amfani ranar da za su zauna da hukuma. Ka sanar cewa binciken ya ƙare daga yau, in don shi ka shiga ka yi sallama ka fita. Takardar sunaye ka ƙona ta a ranar da ka faɗa wa kwamiti cewa za ka goge bayanan, muryoyin ka goge su daga waya da kwamfuta da Google Drive da kwandon shara na kowannensu. In daga baya ka so mayar da furojet ɗin maƙala a mujalla ko ka ba wani malami bayanan ya yi nasa aikin, ka duba abin da ka faɗa musu a saƙon farko, in babu wannan a ciki sai ka sake komawa ka tambaya.